Tsakanin Dala da Sabon Gari

Bayan ɗaukewar damina na hau Dala da sassafe, kafin ƙura da hayaƙin adaidaita sahu su rufe gari. Abokin tafiyata wani dattijo ne, tsohon malamin firamare, haifaffen cikin birni, wanda ya yarda ya zaga da ni bisa sharaɗi guda: ba za mu hau abin hawa ba sai mun fita daga ganuwa. A ganinsa, wanda ya kalli Kano daga kan kwalta shaguna kawai ya gani.

Daga kan dutsen, Goron Dutse na yamma, hasumiyoyin Babban Masallacin Juma'a na can kudu, sauran kuwa rufin kwano ne mai tsatsa iya ganinka. A gindin wannan dutse aka tono alamun narkar da tama da suka kai ƙarni na 7, a nan kuma littafin Tarihin Kano ya ajiye Barbushe da tsafin Tsumburbura kafin zuwan Bagauda. Malam bai tsaya a kan wannan ba, don ya ce ɗan aji huɗu ma ya haddace shi. Sandarsa ya miƙa, ya ja layi a iska daga yamma zuwa gabas. Jakara ke nan, rafin da ya raba birnin biyu, wanda yau ya koma kwata, aka kuma rufe wani sashensa da titi. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya sauka a unguwar Dala a 1851 da sunan Abdulkarim, ya tarar da rabon a fili: arewa da Jakara Hausawa da fatake, kudu da ita Fulani da masu sarauta. Ya ƙiyasta mazauna birnin a kan mutum 30,000, ban da baƙin da ke cika shi da rani.

Muka gangaro muka shiga lungu. Lungun cikin gari ba ya ɗaukar mutum uku a jere. Kwata na bin gefensa, akuya na kwance a kan dakali, kowane gida da zaurensa. Tafiyar ba ta sauri, domin Malam sai ya gaisa da wannan, ya yi wa wancan ta'aziyya, ya tambayi wata tsohuwa jikin maigidanta. Da haka muka iso Madabo.

Idan ba a gaya maka ba, za ka wuce Madabo ba ka waiwaya ba, alhali kuwa da wuya a sami makarantar da ta girme ta a Kano. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga ƙasar Mali ƙarƙashin Abdurrahman Zaiti, suka kira sarki ga salla. Wata tsohuwar takarda ta zuriyar Wangarawan kansu ta kai zuwan nasu zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kusan shekara ɗari bayan haka, kuma masana tarihi suna ta ja-in-ja a kai. Gardamar ba ta dami mutanen unguwa ba. Abin da suka riƙe shi ne sarautar Babban Malami na Madabo, da karatun zaure, inda ɗalibi zai durƙusa gaban malami da Ahalari, ya wuce Ishmawi da Iziyya da Risala, in Allah ya ja kwana ya kai Muhtasar. Mandawari da Sheshe, waɗanda aka lissafa cikin tawagar Zaiti, yau unguwanni ne masu masallatai da masu unguwa, haka nan Zaitawa. Wato gidan ilimin da Kano ta fi tinƙaho da shi baƙi ne suka kafa shi, kuma ba wanda ke kiran jikokinsu 'yan Mali.

Daga cikin Madabon nan aka yi ɓarakar da ta sake fasalin malanta a birnin. Malam Muhammadu Salga, wanda ya yi karatu a wurin Madabawa, ya soki wasu al'adun da ake yi wajen jana'iza da sadakokin mamaci, ya ce ba su da tushe a fiƙihun Malikiyya. Aka yi ta rubuce-rubucen raddi tsakanin Madabawa da Salgawa a zamanin Turawa. Almajiran Salga su ne suka zama manyan malaman Tijjaniyya na Kano: Shehu Atiku a Sanka, Shehu Tijjani Usman a Zangon Barebari, Shehu Maihula, Malam Sani Kafinga. Da Sarki Abdullahi Bayero ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyass a aikin Hajji a 1937, ya gayyato shi Kano, waɗannan zaurukan ne suka karɓe shi. Abin da ya ja hankalina shi ne yawancinsu a unguwannin 'yan kasuwa suke. Attajiri ya ciyar da almajirai, malami ya raba gado ya rubuta shaidar bashi, ɗalibin da ya sauke karatu ya tafi Kumasi ko Fort Lamy da wasiƙar malaminsa a aljihu, ya tarar da masauki. Zaure da rumfar kasuwa a Kano ba su taɓa nisa da juna ba.

A Koki na fahimci yadda ake mayar da baƙo ɗan gari. Mun zauna a wani dakali Malam ya huta, ya kuma warware mini zancen dalla-dalla. Baƙon fatake ba ya sauka a kasuwa, gidan fatoma yake sauka. Fatoma ya ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kaya, ya nemo dillali, ya tsaya masa in za a ba da bashi, ya ɗauki la'adarsa. Idan baƙo ya yi shekaru yana dawowa, aka ga halinsa, aka saba ganinsa a sahu, sai a ba shi 'ya, a kai shi gaban mai unguwa, a sayar masa da kango ya tayar. Ɗansa ya tashi da Hausar Kano a baki.

"Jikansa fa, Baba?"

"Ɗan nan, ka kira jikansa baƙo, sai kun je gaban alƙali."

Ta wannan hanya Agalawa da Tokarawa, waɗanda asalinsu ya faro daga wajen Azbin, da Kambarin Barebari, suka riƙe fataucin goro zuwa Gwanja, ayari na tafiya watanni da jakuna ƙarƙashin madugu. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, Ba'agale ne. Ya yi zamansa a ƙasar da ake kira Gana yanzu, yana auno goro yana turawa Legas ta jirgin ruwa, sannan ya dawo ya kafa gida a Koki daidai lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano. Dogo ya iso a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suka sa rai za a yi musu lodi, manoma kuwa suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, kuma in ciniki ya ƙi ana iya cinta. Tsofaffin fataken goro irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo da Ɗantata suna da yara a kowane ƙauye, suna da amana, suna da jari, sai kawai suka juya su ga awon gyaɗa. Da bankin Turawa, wanda ya zama First Bank a yau, ya buɗe reshe a Kano, Ɗantata ya kai ajiyar kuɗin azurfa a kan raƙuma ashirin. Ya rasu a 1955. Filin Ƙofar Mazugal inda aka riƙa jera dalar gyaɗa yau ba buhu ko ɗaya. Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa.

Dandalin Turawa ba shi da nisa. Nan Larabawan Gadamus da Tarabulus suka zauna, suna kawo alharini da takarda da turare da tsakiya, suna komawa da jan fatu da hauren giwa da gashin jimina. Shekarar da dogo ya iso, ita ce shekarar da Italiya ta afka wa Libiya, ayarin Sahara kuwa bai sake farfaɗowa ba. Wasu suka koma gida, wasu suka zauna suka narke. Abin da ya fi nuna sun zauna shi ne abincin alkama. Mun tsaya wurin wata mai gurasa, ta tsoma mana ita a ruwa, ta barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji, ta zuba mai da albasa. Bandashe ke nan, wanda Bakano in ya yi tafiya yake kewarsa tun kafin ya yi kewar tuwo. Na tambaye ta ko ta san daga ina gurasa ta zo. Ta dube ni ta ce daga tanderun kakarta.

Kasuwar Kurmi, wadda Tarihin Kano ya jingina kafa ta ga Sarki Muhammadu Rumfa, mai mulki daga 1463 zuwa 1499, ta tsufa, kuma ta san ta tsufa. Manyan kuɗi sun ƙaura: atamfa da shadda suna Kantin Kwari, kayan masarufi suna Singa, hatsi na Dawanau. Abin da ya rage a Kurmi shi ne abin da ba ya ƙaura da sauƙi. Ga 'yan sirdi da linzami da kayan adon doki, waɗanda kasuwarsu ke buɗewa in salla ta matso. Ga dukawa da warin jima, ga kanwa ungurnu, ga kimba da masoro, ga turaren wuta. Ga 'yan littattafai, inda za ka sami bugun Misira da na Bairut kusa da 'yan ƙananan littattafan ajami masu jan bango. Rumfunan a matse suke har rana ba ta sauka ƙasa. Barth ya ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara a kan wuri miliyan 300, ya ce saƙin Kano da rininta suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus.

A kasuwar nan kuma aka sayar da mutane. Da na tayar da zancen, wani dattijo mai sayar da tasoshi ya nuna mini wajen da haɓa, ya koma kan cinikinsa. Ban ga laifinsa ba, amma ina ganin laifin masu rubuta tarihin Kano da suke ƙirga turamen zane su tsallake hannun da ya noma audugar da babar a gandayen sarakuna da attajirai. Ba kowane baƙo ne ya shigo birnin nan da ƙafarsa ba. Su ma birnin ya haɗiye su, wasunsu har suka riƙe manyan muƙaman fada, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, waɗanda a ƙarni na 19 hakimi ma yakan yi taka-tsantsan da su.

Sharifai mun ratsa ta da sauri, ko da yake ta cancanci yini guda. Nan zuriyar Shehu Magili suke, malamin Tilmisan da ya zo a zamanin Rumfa ya rubuta masa littafi kan wajiban sarakuna, kuma shugabansu har yau Sidi Fari ake ce masa. Tudun Nufawa ta Nufawa ce, masaƙa da malamai. Zangon Barebari ta mutanen Barno ce, Agadasawa ta mutanen Agadas. A Kabara, gidan Ƙadiriyya na Shehu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, yana komawa ne ga ɗaya daga kakanninsa, Malam Umaru, da ya taso daga wajen Timbuktu, kuma daga nan maukibi ke tashi duk shekara da bandiri da tutoci.

Inda na fi daɗewa ita ce Ayagi. Yarabawa ne suka kafa ta a ƙarni na 19, Musulmi 'yan kasuwa daga wajen Ogbomosho da Ilori. Na shiga ina kasa kunne ko zan ji Yarabanci, ban ji ba. Wani tela da muka zauna a zaurensa, Hausarsa ba ta da maraba da ta Malam, har da irin jan baƙin nan na 'yan cikin gari. Ya ce ya san kakannin kakanninsa daga kudu suka zo, don tsofaffi sun faɗa, amma bai san kowa a can ba, kuma in an yi faɗan ƙabilanci a gari ba wanda ya taɓa leƙo Ayagi da sunan neman baƙo. Matarsa 'yar Bakin Ruwa ce, ƙanwarsa na aure a Gwale. Na riƙe wannan tela a raina, domin na san inda za mu ƙare da yamma.

Da muka tsallaka kudu sai lungu ya buɗe, zauruka suka yi tsayi, ka fara ganin turken doki a ƙofar gida. Bayan jihadi ya kori Sarki Alwali a farkon ƙarni na 19, gidajen Fulanin da suka yi yaƙin suka kama unguwanni, akasari a wannan sashe. Yolawa suna Yola, su ke riƙe da Madaki. Dambazawa suna Dambazau, su ke da Sarkin Bai. Jobawa ke da Makama, Danejawa suna Daneji. Sarautar kanta, bayan Sarki Sulaimanu, ta koma hannun Sulluɓawa da Ibrahim Dabo a 1819, ba ta kuma fita ba. Su ma waɗannan, in aka bi diddigi, Fulatancin ya daɗe da barin gidajensu. Sun ci birnin da yaƙi, suka shiga Gidan Rumfa, suka ɗauki sarautun Haɓe da tambura da algaita, har Hausar ta cinye su.

Gidan Makama, inda aka ce Rumfa ya zauna kafin ya gina fada, yanzu gidan tarihi ne, ɗaliban makaranta na shiga layi-layi. Ni makarantu biyu na kusa da fada suka fi ba ni sha'awa. A 1928 Sarki Abdullahi Bayero ya buɗe makarantar alƙalai ta Shahuci. A 1934 aka buɗe makarantar shari'a ta lardunan Arewa, aka ɗauko mata malamai daga Sudan, a 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci, wadda kowa ke kira SAS. Shehu Abubakar Gumi ya yi karatu a cikinta, da alƙalai da yawa na Arewa. A cikin harabarta aka fara kwalejin da ta zama Kwalejin Abdullahi Bayero a 1962, ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Malaman zaure da farko sun yi wa karatun kan benci kallon hadarin kaji, daga baya 'ya'yansu ne suka cika azuzuwan.

Karofin Ƙofar Mata ba zan daɗe a kansa ba, don kowane baƙo can ake fara kai shi, kowa kuma ya ɗauki hoton allon da aka rubuta 1498. Marina na nan da baba da toka da katsi, hannuwansu shuɗi har gwiwa, amma ramukan da aka bari sun cika da shara sun fi waɗanda ake rini a ciki yawa. Atamfar Sin ta yi musu abin da ta yi wa masaƙun Bompai da Sharaɗa. Ganuwa ma haka. Sarki Gijimasu ya fara ta a wajen ƙarni na 12, Rumfa ya faɗaɗa, yau a wurare da yawa sai tudun ƙasa da ake haƙa ana yin bulo, ko an yanka an kafa shago. Ƙofar Na'isa an rushe ta a 2010 don faɗaɗa titi, aka sake gina wata a madadinta. Abin da ya fi ci wa Malam rai kuwa kududdufai ne. Daga cikinsu aka ɗebi ƙasar da aka gina birnin, su ne kuma ke shanye ruwan sama. An cike su ɗaya bayan ɗaya an yi filaye, shi ya sa duk watan Agusta ruwa ke bin mutane har ɗaka.

A bakin ƙofa muka tari adaidaita sahu. Muka ratsa Fagge, tsohon zangon Buzaye da raƙumansu, muka wuce Kantin Kwari da Kwarori 'yan Labanan da Siriya suka kafa, muka shiga Sabon Gari.

Turawa sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, Sarki Alu yana Sakkwato. Ba su zauna a cikin birni ba, suka yi Nasarawa da Bompai. Da dogo ya kawo akawuna da ma'aikatan jirgi da tsofaffin sojoji daga kudancin Najeriya da Saliyo da Gana, sai aka yanka musu fili a bayan ganuwa a wajen 1913, aka ja tituna a miƙe, aka sa su ƙarƙashin majistare Bature, ba ƙarƙashin sarki da alƙali ba. Sai a 1940 aka mayar da su hannun En'e. Ba Turawa kaɗai ke son haka ba. Fada da malamai ba sa son coci da gidan giya a cikin ganuwa, baƙin su ma ba sa son shari'ar alƙali. Kowa ya samu abin da yake so, amma aka tsallake fatoma da mai unguwa da zaure, wato duk matakan da baƙo ke takawa ya zama ɗan gari. Bayaraben da ya zo a zamanin Dabo ya zama Ba'ayage, Bakano. Ɗan'uwansa daga gari ɗaya, ko da Musulmi ne, da ya zo a jirgin ƙasa bayan shekara ɗari, Sabon Gari aka nuna masa.

Ba na cewa tsohuwar hanyar ba ta da tsada. Wanda ya bi ta ya bar harshensa, kuma sai Musulmi take karɓa. Ba na kuma cewa ganuwa ta hana cuɗanya. A Sabon Gari samari takwas suka zauna ranar 8 ga Agusta, 1950, suka kafa NEPU, cikinsu har da Bello Ijumu, Bayarabe daga ƙasar Kabba, kafin Malam Aminu Kano ɗan Sudawa ya ajiye aikin koyarwa ya jagorance ta. Amma a nan ne kuma aka zubar da jini a watan Mayu na 1953, aka sake zubarwa fiye da haka a 1966, kuma duk lokacin da gari ya rikice an san unguwar da za a nufa.

Mun sauka a France Road, muka bi ta Yoruba Road da Enugu Road. Benaye ne a cushe, kowane ƙasa shago sama ɗakunan haya, coci na kallon coci, kiɗa na tashi daga kowace kusurwa, manyan motocin dare na lodi a New Road. Malam, wanda tun safe ba ya taku goma bai gaisa da wani ba, a nan bai san kowa ba. Ya ce a shekarunsa saba'in da ɗoriya, in ba sayen magani ko kayan gyaran babur ba, ba abin da ke kawo shi.

Muka zauna a shagon wani Ibo mai kayan gyaran mota, ya aika aka kawo mana lemo, yana kiran Malam da Baba. A Sabon Gari aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa. Hausarsa har da karin magana, ya san gidajen sarauta, ya san ranar hawan Nasarawa don ta kusa da su ake wucewa. Duk Disamba yakan rufe shago ya tafi abin da yake kira gida. Na tambaye shi takardar shaidar ƙaramar hukuma, wadda ake nema wajen shiga jami'a da neman aikin gwamnati, wadda a cikin birni daga sa hannun mai unguwa take farawa. Telan Ayagi ya gaya mini ya karɓar wa 'ya'yansa ba wanda ya ɗaga kai ya dube shi. Shi kuwa mai shagon ya ce da babban ɗansa zai shiga jami'a, motar dare suka hau daga New Road zuwa Anambra, suka je sakatariyar wata ƙaramar hukuma da yaron bai taɓa yin wata guda cur a cikinta ba, wani kawunsa ya tsaya musu shaida, suka karɓo takardar, suka dawo Kano kafin Litinin saboda shago.